Wa Ke Bakin Layi Idan Ɗan Wasa Ya Faɗi?

(Kiɗan taken shiri)

 Yau filin ƙwallo za mu shiga, amma ba zancen wa ya ci wa aka ci ne ya kawo mu ba.

Duk mai zuwa gidan kallo ya san yadda ake yi idan ɗan wasa ya kwanta. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu, mutum biyu su sheƙo da gudu riƙe da jaka, mu kuma mu kaure da ihu: "Ƙarya yake! Cin lokaci ne, a fitar da shi!" Sau da yawa kuma da gaskiyarmu, ƙaryar yake yi. To amma waɗannan masu jakar, su wane ne? Me suka karanta? Me ke cikin jakar? Wa ke biyansu albashi, kuma maganar wa suke ji? A kansu za mu tattauna yau.

Mu fara da wanda kowa ya sani, Nwankwo Kanu. A 1996 ya jagoranci Najeriya ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, ya zura wa Brazil ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe. Yaro ne ɗan shekara 20, ba ciwon kai ba na ciki, ya riga ya ci kofin zakarun Turai da Ajax. Inter Milan ta saye shi. Da likitocin Italiya suka yi masa awon zuciya, sai suka tarar murfin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciyarsa yana da matsala. A watan Nuwamba na shekarar aka yi masa tiyata a birnin Cleveland na Amurka. Ya warke, ya dawo fili, ya je Arsenal ya yi abin da ya yi, a 2000 kuma ya kafa gidauniyar da ke ɗaukar nauyin aikin zuciya ga yara. Da ba a yi wannan awon ba, Allah kaɗai ya san a wane fili za a ɗauke shi.

Ba dace ba ne ya sa aka gano a Italiya. Tun 1982 dokar ƙasar ta wajabta wa duk mai shiga gasar wasanni a auna zuciyarsa kafin a ba shi takardar izini. Wani bincike da likitocin Padua suka fitar a 2006 ya nuna cewa a yankin Veneto, mutuwar fuju'a tsakanin matasa 'yan wasa ta ragu da kashi 89 cikin 100 a tsawon shekarun da suka bibiya. Awon nan ba wani abin tashin hankali ba ne. A tambaye ka tarihin gidanku, ko an taɓa samun wanda ya yanke jiki ya faɗi yana matashi. A auna jini, a saurari ƙirji, a manna maka wayoyi na'ura ta zana yadda zuciya ke bugawa, idan an ga alamar tambaya a ɗauki hoton zuciyar.

Sai dai kada mu ɗauka awo ya gama magana. Hukumar ƙwallon Ingila ta auna matasa 11,168 daga 1996 zuwa 2016, aka samu 42 masu larurar da kan iya kashe mutum farat ɗaya. Daga baya takwas suka rasu ta dalilin zuciya, kuma shida daga cikinsu awon farko bai nuna komai a jikinsu ba. Ma'ana, zuciyar da ke lafiya a shekara 16 tana iya canzawa a shekara 22. Shi ya sa ake maimaita awon, shi ya sa kuma duk kulob ɗin da ya san abin da yake yi yake zama cikin shiri kamar yau wani zai faɗi.

To idan ya faɗi fa? A nan ne ake gane kulob da taron 'yan ƙwallo.

Dattawan cikinmu ba su manta da 12 ga Agusta 1989 ba, ranar da Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Surulere a Legas ana wasa da Angola. Na bayansu sun ga Marc-Vivien Foé na Kamaru a talabijin, ranar 26 ga Yuni 2003 a birnin Lyon, ya zube a tsakiyar fili babu wanda ya taɓa shi. Shekararsa 28. Likitoci sun yi minti 45 suna fama, rai ya yi halinsa. Mutuwar Foé ce ta farkar da FIFA, har ta kai daga gasar kofin duniya ta 2006 aka fara yi wa duk ɗan wasa cikakken awo kafin a buga.

Yanzu ku saurari na Fabrice Muamba, haifaffen Kinshasa mai buga wa Bolton. Ranar 17 ga Maris 2012, ana wasa da Tottenham a Landan, ya kife da fuska shi ma ba tare da an taɓa shi ba. Kafin ka ce kwabo likitocin ƙungiyoyin biyu suna kansa, suna danna ƙirji. Wani likitan zuciya, Andrew Deaner, wanda kallo ya kawo shi, ya sauko daga cikin 'yan kallo ya shiga aikin, shi ne ma ya nace a wuce da shi asibitin ƙirji na Landan inda ƙwararru suke. Minti 78 zuciyar Muamba ba ta bugawa da kanta. Sau 15 aka jona masa lantarki: biyu a fili, ɗaya a hanyar fita, 12 a cikin motar asibiti. Duk tsawon wannan lokaci hannu bai bar ƙirjinsa ba. Muamba yana nan da ransa, da hankalinsa, da iyalinsa.

Haka Christian Eriksen na Denmark, ranar 12 ga Yuni 2021 a Kopenhagen. Alƙalin wasa ya yafito likitoci nan take, aka fara danna ƙirji, jonawa ɗaya zuciya ta dawo. Wata tara bai cika ba ya koma taka leda a Brentford, da 'yar na'ura dashe a ƙirjinsa.

Ga kuma ɗaya ɓangaren. Patrick Ekeng, ɗan Kamaru mai buga wa Dinamo Bucharest a Romaniya, ya faɗi ranar 6 ga Mayu 2016, minti bakwai da shigowarsa fili. Akwai motar asibiti, akwai likita a cikinta, asibiti kuma ba nisa. Amma bincike ya nuna ba a fara yunƙurin farfaɗo da shi ba sai da aka isa asibitin, aka kuma samu magungunan da suka gama aiki a motocin kamfanin da aka ɗauko haya. A 2020 kotu ta samu likitar motar da laifin sakaci. Abdelhak Nouri na Ajax, yaro ɗan shekara 20, ya faɗi a wasan sada zumunta a Ostiriya a 2017. Ya rayu, amma ƙwaƙwalwarsa ta lalace saboda jinkiri. Ajax da bakinta ta amsa cewa kulawar da aka ba shi a fili ta gaza, ta kuma biya iyalinsa diyyar Yuro miliyan 7.85. Ajax fa, ba wata ƙungiyar unguwa ba.

A nan gida, ranar 8 ga Maris 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a filin wasa na Lafiya ana karawa da Katsina United. Motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi, sai da wata motar aka kai shi, kuma bai rayu ba. Hukumar da ke gudanar da gasar a lokacin, LMC, ta ci kulob ɗin tara.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa yanzu: kwana ne ya ƙare. Haka ne, babu mai wuce ajalinsa, kuma babu musulmin da zai yi jayayya da wannan. Amma ajali sirri ne da ba a ba mu saninsa ba. Abin da aka ɗora mana shi ne batirin mota, da cajin na'ura, da horar da wanda zai riƙe ta, kuma a kan waɗannan za a tambaye mu.

Bari in tsaya a nan in yi bayani dalla-dalla, don abin da zan faɗa ya shafi filin firamare na unguwarku kamar yadda ya shafi Wembley. Idan ɗan wasa ya zube babu wanda ya taɓa shi, an kira sunansa an girgiza shi bai amsa ba, to a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya har sai an tabbatar ba ita ba ce. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, mai wannan hali yakan yi fizge-fizge kamar mai farfaɗiya, idonsa a buɗe, yana jan wani numfashi mai kama da shaƙuwa ko minshari. Sai a ce ai yana numfashi, a ba shi iska. Wannan ba numfashi ba ne. Sai ka ga an cire riga ana yi masa fifita, wani ya kwara masa ruwan leda, wani na neman cokali a cusa masa a baki, wani ya tura yatsa wai kada ya haɗiye harshe. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Duk daƙiƙar da aka ɓata ana kokawa da haƙoransa, ƙwaƙwalwarsa ce ke mutuwa.

Abin yi shi ne a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Ka durƙusa gefensa, ka ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ka ɗora ɗaya hannun a kai, ka miƙe gwiwar hannu, ka danna da nauyin jikinka. Ƙirjin ya nutsa kamar santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, wato kusan sau biyu a kowace daƙiƙa. Idan ka gaji wani ya karɓe ka, kada a tsaya. Kada ka ji tsoron karya haƙarƙari, haƙarƙari yana ɗoruwa. A lokaci guda wani ya ruga ya ɗauko na'urar farfaɗo da zuciya, wadda ake kira AED. Girmanta bai wuce jakar makarantar yaro ba. Kana buɗe ta za ta fara magana, ta gaya maka inda za ka manna faifan nan biyu, ta auna zuciyar da kanta, kuma ba za ta saki lantarki ba sai idan ana bukata. Likitoci sun ƙiyasta cewa kowane minti ɗaya da ya wuce ba a yi wannan ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Shi ya sa likitocin FIFA ke cewa a jona cikin minti uku da faɗuwa, kuma a irin wannan faɗuwar masu jaka su shiga fili ba sai sun jira alƙalin wasa ya yafito su ba. A fili ake fara ceton, ba a cikin mota ba.

Za mu ɗan dakata, idan mun dawo mu duba wata matsalar da kuɗi ba sa magance ta.

(Kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Kafin hutu mun yi maganar kayan aiki da sauri. Yanzu ga tambayar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya: likitan kulob, likitan wa ne? Na ɗan wasa, ko na mai kulob?

Manyan ƙungiyoyin Turai ba su da ƙarancin ma'aikata. Za ka tarar da likita fiye da ɗaya, da masu gashin ƙashi da tsoka, da masu tausa, da masanin abinci, da mai kula da lafiyar tunani, da masu bin diddigin gudun kowane ɗan wasa ta 'yar na'urar da suke saƙalawa a bayan riga. Aikin ma yana da yawa: binciken da UEFA ke yi tun 2001 ya nuna tawaga mai 'yan wasa 25 tana samun rauni kusan 50 a kaka ɗaya, mafi yawa a tsokar bayan cinya. Su ma ba da wannan tsari aka haife su ba. Sai da gwiwar Stephen Hunt ta fasa ƙoƙon kan Petr Cech, golan Chelsea, a Reading a watan Oktoba 2006, Jose Mourinho ya yi ta faɗa a kan jinkirin motar asibiti, sannan Firimiya ta tsaurara doka: mota ta musamman domin 'yan wasa kaɗai, likita zaune a benci, da horon ceton rai ga masu shiga fili. Wannan dokar ce Muamba ya ci moriyarta bayan shekara biyar.

Abin mamaki, Mourinhon nan dai shi ne a tsakiyar rigimar da ta fi kowace fito da matsalar fili. Ranar 8 ga Agusta 2015 Chelsea na wasa da Swansea, an riga an ba golanta jan kati, ana biyu da biyu, lokaci ya kusa cika. Eden Hazard ya kwanta. Alƙalin wasa ya yafito, likitar kulob Eva Carneiro da mai gashin ƙashi Jon Fearn suka shiga. Doka ta ce wanda aka duba sai ya fita, Chelsea ta koma mutum tara na ɗan lokaci. Mourinho ya fusata, ya caccake su a gaban 'yan jarida, aka hana su zaman benci. Carneiro ta bar aikin ta kai ƙara, a watan Yuni 2016 aka sasanta, Chelsea ta ba ta haƙuri a bainar jama'a, ta kuma amsa cewa abin da ta yi shi ne daidai.

Ta samu gaskiyarta, amma ku yi tunanin sauran likitocin da suka kalli abin da ya same ta. Koci na so a ci wasa, don kujerarsa na rawa. Mai kulob ya zuba kuɗi. Shi kansa ɗan wasan, ko ƙafarsa na lilo, cewa zai yi "zan iya", don yana tsoron wani ya gaje masa gurbi. Mutum ɗaya ne a wurin da aikinsa shi ne ya ce a'a, kuma albashinsa na hannun waɗanda zai ce wa a'ar. Baki ya ci, ido ya ji kunya.

Inda wannan ya fi haɗari shi ne buguwar kai. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014, Christoph Kramer na Jamus ya yi karo da kafaɗar ɗan bayan Ajantina. Aka duba shi aka mayar da shi. Alƙalin wasan, Nicola Rizzoli, ya ba da labari daga baya cewa Kramer ya zo yana tambayarsa ko wannan ne wasan ƙarshe. Mutum bai san wasan da yake bugawa ba, amma ya ƙara kusan kwata na awa a fili. Ba sai an suma ba ne ƙwaƙwalwa ke jijjiga. Jiri, ganin dishi-dishi, amai, tangaɗi, ruɗewa, kowanne ya isa a fitar da mutum, kuma ba ya komawa a ranar, don bugu na biyu a kan na farko yana iya kisa. Wani binciken jami'ar Glasgow na 2019 ya gano tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Sikotlan sun ninka sauran jama'a sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Daga Yuli 2024 dokokin ƙwallo sun ba gasanni damar ƙarin canji na musamman saboda buguwar kai, don kada koci ya ce canjinsa ya ƙare.

Ba kai kaɗai ba. A watan Mayu 2025 ɗanmu Taiwo Awoniyi ya daki turken raga da ciki a wasan Nottingham Forest da Leicester. Aka duba shi, ya nuna zai iya, aka bar shi ya ƙarasa yana dafe-dafe. Washegari sai ga shi a ɗakin tiyata, hanjinsa ya samu mummunan rauni, har sai da likitoci suka sa shi doguwar suma. Kulob ɗin da kansa ya ce bai kamata a bar shi ya ci gaba ba.

Sai kuma maganin kashe zafi, wanda shi ne ɓarnar da ba a gani a talabijin. Likitocin FIFA sun bayyana cewa a kofin duniya na 2010, kashi 39 cikin 100 na 'yan wasa suna shan maganin ciwo kafin kowane wasa. Zafi saƙo ne jiki ke aikowa. Idan aka yi allura aka toshe bakinsa, raunin na nan yana ƙaruwa, ƙoda kuma na shan wahala. Ivan Klasnic na Kuroshiya sau uku ana yi masa dashen ƙoda, kuma a 2017 wata kotu a Bremen ta ɗora wa likitocin tsohon kulob ɗinsa alhakin sakaci da ciwon nasa. A wajenmu abin ya fi muni, don ba likita ke bayarwa ba, a kemis ake saya ko a hannun aboki. Matasanmu masu burin fita waje su sani: tun 1 ga Janairu 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta tiramol a lokacin gasa. Wanda aka samu da shi a fitsari dakatarwa ce, ko da sunan ciwon gwiwa ya sha.

A ra'ayina, likitan da koci zai iya kora ba shi da cikakken amfani ga ɗan wasa. Ya kamata a rubuta a dokar gasa cewa maganar lafiya, ta likita ce ta ƙarshe, kuma a samu wani likita a fili wanda hukumar gasa ce ta turo shi, ba ya cin albashin kowane ɓangare.

Mu dawo gida. Babu mai cewa ƙungiyoyinmu, waɗanda yawancinsu gwamnatocin jihohi ke riƙe da su, su yi gogayya da Manchester City. Amma akwai abin da bai kamata a busa usur babu shi ba. Likita na gaske mai lasisi, ba wani mai jakar man zafi da ƙanƙara da ake kira "dokta" don girmamawa ba. Mai gashin ƙashi da ya yi karatun aikin. Awon zuciya kafin kaka ta fara, a haɗa da gwajin jini, tunda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kuma gudu cikin tsananin zafi da ƙishirwa na iya tayar masa da matsala. Mu da ke buga wasa da la'asar a watan Afrilu a Kano ko Katsina ko Maiduguri, zafi ya haura digiri 40, mun fi kowa bukatar hutun shan ruwa, wanda aka fara a kofin duniya tun 2014. Mai zazzaɓi kuma ba ya shiga fili, ko shi ne mai cin ƙwallon ƙungiya, don wasu cututtukan da ke zuwa da zazzaɓi suna kumbura tsokar zuciya.

Ita kuwa na'urar AED, kuɗinta dala dubu ɗaya ne zuwa dubu biyu. Kulob ɗin da ke ɗaukar tawaga daga Kano zuwa Aba ya kwana a otal ya dawo, ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: an karɓi kuɗin ƙofa da gumin yaran nan. Sayenta kuma ba shi ne ƙarshe ba. Batirinta na mutuwa, faifanta na da ranar daina aiki, kuma idan tana kulle a ofishin sakatare makulli na aljihunsa, daidai take da babu. Wurinta bakin layi, a ranar wasa da ranar atisaye. Cheick Tioté na Kodebuwa a wurin atisaye ya faɗi a Beijing a 2017, ba a wasa ba.

Kwamishinan wasa, kafin ka sa hannu a takarda, ka je wurin motar asibitin da ƙafarka. Ka ce direba ya tayar da ita a gabanka, ka duba mai, ka duba ko wani babban mutum ya ajiye motarsa ya tare ƙofar fita. A buɗe na'urar a ga koren haske. A tambayi likitocin ɓangarorin biyu wa zai danna ƙirji, wa zai riƙe kai, wane asibiti za a nufa, kuma an sanar da su ko ba a sanar ba. Duka wannan bai fi minti goma ba. Idan ɗaya ya gaza, a jinkirta wasan, 'yan kallo su yi ta ihu.

Ku kuma masu horar da yara a unguwa, ku nemi reshen Red Cross mafi kusa ko wani ma'aikacin jinya, ya zo filinku ya koya wa yaran danna ƙirji. Yini ɗaya ya isa, kuma a haɗa da masu tsaron ƙofa da masu ɗauko ƙwallo.

 

(Kiɗan rufewa)